Takardun Bizar Koyarwa a Ingila: Wadda Ake Fara Nema da Wadda Ake Bari Sai Ƙarshe

Malamin da ya ƙudurta fita waje koyarwa, tambayarsa ta farko takan kasance a kan biza: nawa ne kuɗinta, a wane ofishi ake yinta. Alhali biza ita ce ƙarshen layi. Ranar da za ka zauna cike fom ɗinta, an riga an gama kusan dukkan wahalar, kuma an gama ta ne a ofishin rajistara na jami'arku, da hukumar rajistar malamai, da wajen 'yan sanda, da ɗakin hoton ƙirji.

Na ɗauki Ingila a wannan jagorar saboda ƙa'idojinta a rubuce suke dalla-dalla a shafin gwamnati na GOV.UK, kuma tun ranar 1 ga Fabrairun 2023 aka buɗe wa malaman Najeriya da Gana ƙofar neman shaidar ƙwarewa ta can. Abin da za ka riƙe tun daga farko shi ne takardun nan iri biyu ne, kamar cefanen gida. Akwai hatsi, wanda ake saye tun kaka a ajiye ba ya lalacewa, amma samunsa na cin lokaci. Akwai kuma tumatir, wanda in ka saya da wuri zai ruɓe kafin ranar girki. Digiri da gyaran suna da rajistar malanta hatsi ne. Gwajin tarin fuka da takardar banki da ta 'yan sanda tumatir ne. Yawancin asarar kuɗin da ake yi a harkar nan, juya wannan tsarin ne ke jawo ta.

Matakin farko: sunanka ya zama ɗaya

Kafin ka kashe ko sisi, ka baje takardunka a kan tabarma: sakamakon WAEC ko NECO, satifiket ɗin digiri, na PGDE, wato difilomar koyarwa ta bayan digiri, in kana da shi, takardar bautar ƙasa, ta hukumar rajistar malamai TRCN, lambar NIN, fasfo, da sunan da ke asusunka na banki. Ka karanta suna da ranar haihuwa a kowacce, harafi bayan harafi.

Nan ne mu Hausawa muka fi kowa shan wuya. Mutum guda sai ka tarar Muhammad ne a digiri, Mohammed a fasfo, Muh'd a takardar sakandare. Wani tun firamare hedimasta ya liƙa masa sunan garinsu, ya zama Sani Ibrahim Funtuwa, da ya je jami'a ya yar da Funtuwar. Malama ta yi digiri da sunan mahaifinta, NIN kuma da sunan maigida. Ga ranar haihuwa: wani an rubuta masa 1 ga Janairu don ba a san ainihin ranar ba, wani kuma an rage masa shekara biyu lokacin neman aiki. A gida duk mun san mutum ɗaya ne. Jami'in da ke duba fayil a Birtaniya bai san ka ba, bai san garinku ba. Takarda kawai yake gani, kuma in ta saɓa wa 'yar'uwarta dole ya tsaya.

Ka ɗauki sunan da ke kan digirinka a matsayin uwa, domin shi ya fi wuyar canzawa. Ka daidaita NIN da shi, sannan fasfo, tunda yanzu hukumar shige da fice daga bayanan NIN take ɗauko suna. Inda bambanci ya ƙi gyaruwa, sai takardar rantsuwa daga babbar kotu da sanarwa a jarida, ko takardar aure ga macen da ta canza suna. Fasfo kuwa, in da hali, ka yi mai shafi 64 na shekara goma maimakon mai shafi 32 na shekara biyar, don kada ya ƙare maka a tsakiyar kwantiragi.

Mataki na biyu: digiri da shaidar malanta

Ingila tana da abin da take kira QTS, wato matsayin malamin da hukuma ta amince da ƙwarewarsa. Hukumar TRA, mai kula da aikin malanta a Ingila, ita ce ke bayar da shi. Ba biza ba ne, ba kuma takardar ɗaukar aiki ba ce. Mutane da yawa sun ruɗe a nan a 2023, suka zaci duk wanda ya samu QTS jirgi kawai zai hau. Amfaninsa shi ne makaranta ta ɗauke ka a matsayin cikakken malami, ta biya ka bisa ma'aunin albashin malamai. Kuma ba na Birtaniya duka ba ne. Sikotilan tana da tata hukumar, GTCS, da nata tsarin.

Lokacin da aka buɗe wa Najeriya da Gana wannan hanya, an taƙaita ta ga masu koyar da lissafi da kimiyya da harsuna irin su Faransanci, ga ɗalibai 'yan shekara 11 zuwa 16. A shafin neman akwai 'yan tambayoyin tantancewa da za ka amsa cikin mintuna kaɗan su faɗa maka ko ka cancanta. Ka amsa su tun kafin ka tura wani jami'a ya karɓo maka takarda.

Abin da za ka tanada: satifiket ɗin digiri, cikakken sakamakon kwasa-kwasai da ake kira tiranskirif, da shaidar horon malanta a matakin digiri wanda bai gaza shekara guda ba. Mai B.Ed ko B.Sc(Ed) ya haɗa biyun a takarda ɗaya. Mai digirin lissafi ko kemistiri zalla sai ya haɗa da PGDE, ko daga jami'a ko daga Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna. NCE ita kaɗai ba ta kai matakin ba, komai daɗewar mutum a aji. Takardar wucin gadi da ake bayarwa kafin satifiket ya fito, ita ma kada ka dogara da ita. Ka je ka karɓo satifiket ɗinka na ainihi. Tiranskirif kuwa, duk wanda ya taɓa nema a jami'o'inmu ya san ba abin mako guda ba ne, don haka shi za ka fara bi tun yau. Shi ne ke nuna yawan lissafi ko fiziks ɗin da ka karanta da gaske, kuma da shi ake auna digirinka da na can ta hannun Ecctis, kamfanin da ke yi wa gwamnatin Birtaniya wannan awon.

Sai TRCN, hukumar rajistar malamai da aka kafa da doka mai lamba 31 ta 1993. Rajista da ita abu ɗaya ne, lasisi mai rai wani abu ne daban, domin sabunta shi ake yi. Abin da Ingila ke so daga gare ta wasiƙa ce da ke tabbatar da cewa kai malami ne mai rajista, ba a dakatar da kai ba, ba a kuma taɓa hana ka koyarwa ba. Wannan wasiƙar ba kai za ka ɗora ta ba. TRCN ce za ta aika kai tsaye zuwa TRA. In wani ya ce zai miƙa maka ita a hannu ka ɗora da kanka, ka san ba ta nan aka bi ba. Malaman Gana daga hukumarsu ta NTC za su nemi irinta.

Na ƙarshe a wannan rukunin shi ne shaidar aiki: aƙalla shekarar karatu guda kana koyarwa bayan ka gama horon malanta. Za ka bayar da sunan shugaban makaranta da imel ɗinsa, kuma da gaske za a rubuta masa. Ka je ka same shi tun da wuri, ku zauna ku daidaita watan da ka fara da watan da ka bari da awowin da kake koyarwa a mako. Ka roƙe shi ya riƙa leƙa imel ɗin. Fayil kan yi wata da watanni a tsaye don kawai firinsifal bai buɗe saƙo ba.

Wanda ƙasarsa ba ta cikin jerin ƙasashen da aka buɗe wa hanyar QTS, kamar malamin Nijar ko Kamaru, ƙofa ba ta rufe masa gaba ɗaya ba. Dokar Ingila ta yarda malamin da ya ƙware a waje ya koyar har shekara huɗu ba tare da QTS ba, kuma makarantun da ake kira akademi da na kuɗi suna da ikon ɗaukar wanda ba shi da shi. Sai dai a gaskiya, makarantar da za ta ɗauki ɗawainiyar kawo ka daga wata nahiya ta fi sakin jiki da mai QTS a hannu.

Turanci

Abin na ba mutane haushi, amma haka dokar take: Najeriya da Gana ba sa cikin ƙasashen da Birtaniya ta lissafa a matsayin masu Turanci a harshen uwa, kuma kiredit ɗinka na WAEC ba ya shiga lissafi. Hanya biyu ce ta tabbatar da Turancinka wajen neman biza. Ko dai Ecctis ta tabbatar da cewa digirinka daidai yake da na can kuma da Turanci aka koyar da shi, ko ka zauna jarrabawar da aka amince da ita, kamar IELTS for UKVI ko PTE Academic UKVI. Ka lura da haruffan UKVI ɗin nan, wato sunan hukumar biza ta Birtaniya, lokacin rajista, domin akwai IELTS na gama-gari da ba ya aiki a biza, kuma kuɗin ba ya dawowa. Sakamakon shekara biyu yake yi. Daga 8 ga Janairun 2026 matakin da ake nema ga sabbin masu neman bizar aiki ya tashi daga B1 zuwa B2, a karatu da rubutu da ji da magana.

Mataki na uku: makaranta da lambar ɗaukar nauyi

Bizar da malami ke nema ita ce ta ƙwararren ma'aikaci, Skilled Worker, kuma ba a samunta sai da makarantar da ke da lasisin ɗaukar nauyin baƙi. Ba kowace makaranta ke da shi ba. Gwamnati tana wallafa jerin masu lasisin a GOV.UK, kowa na iya saukewa ya duba. Wani lokaci ba sunan makarantar za ka gani ba, sai na ƙaramar hukumar da take ƙarƙashinta ko na rukunin makarantun da ta fito. Shafin guraben aiki na gwamnati, Teaching Vacancies, yana nuna guraben da ake ɗaukar nauyin biza. Shekarar karatu a Satumba take farawa, malaman da za su bar aiki kuma zuwa 31 ga Mayu suke miƙa takardar ajiye aiki, shi ya sa kasuwar ta fi ci daga Fabrairu zuwa Yuni.

In an ɗauke ka, makarantar za ta fitar maka da CoS, wato shaidar ɗaukar nauyi. Sunanta satifiket, amma ba takarda ba ce mai hatimi. Lamba ce a na'urar ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya, ɗauke da sunanka da albashinka da ranar fara aiki da lambar sana'a, wadda ga malamin sakandare ita ce 2313, ga na firamare 2314. Ka nemi a turo maka kwafin bayanan ka karanta da idon basira. Harafi ɗaya da ya saɓa wa fasfo ya fi sauƙin gyarawa kafin ka cike fom. Ka duba kuma ko makarantar ta sa alamar cewa ta ɗauki nauyin zamanka na watan farko, domin wannan alamar za ta sauke maka takardar banki gaba ɗaya.

CoS ba ta sayarwa ba ce. Makaranta ce ke biyan kuɗinta, kuma doka ta hana ta ɗora wa ma'aikaci. Duk dillalin da ya ce ka kawo miliyoyi ya samo maka ita, ba hira, ba wanda ya ga yadda kake koyarwa, ka kama kanka. Makarantun Ingila ba sa ɗaukar malami ba tare da hira da tuntuɓar inda ya yi aiki ba, saboda ƙa'idojin kare yara sun wajabta musu. Kuma in aka kama takardar bogi a fayil ɗinka, ko da dillali ne ya cusa ta ba da saninka ba, sunanka ne a kan fom ɗin, hukuncin yaudara kuwa haramcin shiga ne na shekara goma.

Daga ranar da aka fitar da CoS, wata uku gare ka ka nemi biza. Ba kuma a nema fiye da wata uku kafin ranar fara aiki. Agogo ya fara, yanzu ne lokacin tumatir.

Mataki na huɗu: takardu masu wa'adi

Takardar 'yan sanda. Ba kowane mai neman bizar aiki ake tambaya ba, amma malami dole ne, saboda yara. Ƙa'idar ita ce ka kawo shaidar rashin laifi daga duk ƙasar da ka zauna wata 12 ko fiye, a jere ko a tattare, cikin shekara goma da suka wuce, tun daga lokacin da ka cika 18. A Najeriya ta shafin 'yan sanda na POSSAP ake nema, a ɗauki hoton yatsu, rajistar masu laifi ta ƙasa kuma tana Alagbon a Legas. Inda gizo ke saƙa shi ne ga wanda ya yi karatu ko aiki a waje. In ka yi digiri na biyu a Malesiya, ko ka yi shekaru a Khartum ko Alƙahira ko Madina, kowacce sai ta ba da tata. Irin waɗannan tun ranar da aka kira ka hira ya kamata ka fara bin su. In ƙasar ba ta da hanyar bayarwa, kamar inda yaƙi ya rufe ofisoshi, akwai damar ka rubuta bayani ka haɗa da shaidar ƙoƙarin da ka yi. Kada ka bar gurbin shiru. Matarka ko mijinki, in za ku tafi tare, su ma sai sun kawo tasu.

Gwajin tarin fuka. Mazauna Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Cadi da Sudan duk ana bukatar su yi, kuma a asibitin da Birtaniya ta amince da shi kaɗai. A Najeriya akwai cibiyoyin hukumar ƙaura ta duniya, IOM, a Abuja da Legas. Sakamakon babban asibitin garinku, komai girmansa, ba ya karɓuwa. Hoton ƙirji ake ɗauka, in ya fita fes a ba ka takarda mai wa'adin wata shida. In likita ya ga wani tabo, ko da na tsohon ciwo ne da ya warke, za a karɓi kaki a yi gwaji, wannan kuwa yakan kai wata biyu. Don haka kada ka bar shi sai makon ƙarshe, kada kuma ka yi shi tun ba ka samu aiki ba. Da zarar an yi maka tayin aiki a rubuce, ka nemi rana. Mai juna biyu ta faɗa wa likita tun a bakin ƙofa, akwai zaɓin da ake ba ta.

Takardar banki. In makaranta ba ta ɗauki nauyinka ba, sai ka nuna fam 1,270 sun kwana 28 a jere a asusunka, kuma rana ta 28 ɗin ta faɗo cikin kwana 31 kafin ka nemi biza. Ko rana ɗaya kuɗin suka yi ƙasa da adadin, lissafi ya koma farko. Da yake canjin ranar da ka nema ake amfani da shi, naira kuma ba ta da tabbas, ka ajiye fiye da abin da lissafinka ya ba ka. Mai tafiya da iyali zai ƙara fam 285 na mata ko miji, 315 na ɗan fari, 200 na kowane yaro bayansa.

Maganar iyali na da tata takardar. Auren da aka ɗaura a masallaci ko ƙofar gida halal ne, amma jami'in biza rubutu yake nema, don haka sai a je a karɓo takardar shaidar aure daga kotun shari'a ko ofishin rajistar aure. Yara kuma takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, mai ɗauke da sunan uwa da uba yadda suke a fasfo. Mai mata fiye da ɗaya ya sani tun yanzu cewa mace ɗaya dokar can ta yarda ta bi shi, kuma ɗaukar yaro a bar mahaifiyarsa a gida na da sharuɗɗa masu tsauri. Wannan shawara ce da ake yankewa a cikin gida tun kafin a kai ga fom.

Duk takardar da ba da Turanci take ba, digirin Larabci ne ko takardar haihuwa ta Faransanci daga Maraɗi, sai an haɗa ta da fassarar ƙwararre mai ɗauke da sunansa da sa hannunsa da kwanan wata da inda za a same shi. Fassarar da ka yi da kanka ba ta shiga, ko da kai malamin Larabcin ne.

Mataki na biyar: fom, kuɗi, yatsu

Fom ɗin a intanet ake cikewa, kuma malamin da ya iya rubuta tsarin darasi zai iya cike shi da kansa. Tambayar da ta fi kayar da mutane ita ce ko an taɓa hana ka bizar wata ƙasa. In an taɓa, ka faɗa. Hanin da aka yi maka a baya ba lallai ya hana ka yanzu ba, ɓoye shi ne ke zama yaudara.

Kuɗi kashi biyu ne. Akwai na bizar kanta, wanda a Afrilun 2025 aka mai da shi fam 769 ga mai neman har zuwa shekara uku, kuma yakan tashi, sai ka duba na ranar da za ka biya. Sai harajin lafiya, fam 1,035 a kowace shekara, wanda ake biya dunƙule tun farko: kwantiragin shekara uku fam 3,105 ke nan ga mutum ɗaya, kafin a zo kan iyali. Wannan ne ke ba mutane mamaki a ranar ƙarshe. Ka tabbatar katin da za ka biya da shi na iya fitar da wannan adadin a kuɗin waje, don kada fom ya tsaya a shafin biya. Wasu makarantun sukan taimaka ko su ba da rance a cire a albashi. Ba abin kunya ba ne ka tambaya lokacin da ake maganar kwantiragi.

Bayan biya sai ka zaɓi ranar zuwa cibiyar biza a Abuja ko Legas, a ɗauki hotonka da yatsunka. Hukunci yakan fito cikin mako uku. Izinin zaman yanzu na intanet ne, ana kiransa eVisa, za ka buɗe asusu a shafin UKVI ka haɗa shi da fasfonka. In ka sabunta fasfo daga baya, ka sabunta lambar a asusun kafin ka je filin jirgi.

Ga mai hangen Saudiyya ko Daular Larabawa ko Ƙatar, rabin farko na jagorar nan bai canza ba, amma akwai ƙarin zagaye da Ingila ba ta nema: hatimi bisa hatimi. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta tantance takardu da hatimi guda, don haka digiri sai ya bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ya wuce Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za a je. A jere ake bin su, ba a tsallake ɗaya.

Ranar tafiya, ainihin takardunka su kasance a jakar hannu, kada su shiga akwatin da za a auna: digiri, tiranskirif, takardar 'yan sanda, ta tarin fuka, da kwantiragi. Makarantar za ta so ganinsu ido da ido kafin ta bar ka kai kaɗai da ɗalibai, za ta kuma yi maka nata binciken rashin laifi na can da ake kira DBS, wanda ke neman jerin adireshin duk inda ka zauna cikin shekara biyar da suka wuce, da watan shiga da na fita. Ka rubuto su a takarda tun kana gida, lokacin da akwai wanda za ka tambaya wace shekara kuka tashi daga tsohon gidan haya.